Kanwa, Tsamin Tsoka da Juriyar Ɗan Wasa

Bahaushe ya ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Wannan karin magana ya girmi duk wani ɗakin gwaje-gwaje da ke ƙasar nan, amma abin da ya ƙunsa shi ne darasin da ɗalibin kimiyyar sinadarai yake koya a makarantar sakandare, watau idan abu mai tsami ya gamu da kishiyarsa, sai su kashe kaifin juna. Uwargida ta san haka, shi ya sa take jefa ɗan gutsuren kanwa a miyar yakuwa. Abin da mai karatu mai yiwuwa bai sani ba shi ne, manyan 'yan tsere na duniya su ma suna shan wani sinadari ɗan'uwan kanwa kafin su shiga fili, da niyyar kashe wani tsami da ke taruwa a cikin tsokarsu. Sunan wannan sinadari sodiyam baikabonet, masana suna rubuta shi NaHCO3, masu yin cincin da burodi kuma suna kiransa bekin soda.

Labarin ya fara yaɗuwa a tsakanin matasa masu gudu da ƙwallo da dambe, kuma da yake kanwa ba ta da tsada a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa, ba abin mamaki ba ne yaro ya ce ai duk kanwar ja ce, bari ya jiƙa ya sha kafin gasar wasanni ta makaranta. Saboda haka ya kamata mu zauna mu duba abin da bincike ya tabbatar: wane irin gajiya wannan sinadari yake jinkirtawa, nawa ne ribar, kuma me jiki yake biya.

Daga ina tsamin yake zuwa?

Tsoka ba ta motsi sai da makamashi, kuma jiki yana da hanyoyi uku na samar mata da shi. Akwai ɗan guzurin gaggawa da ke ajiye a cikin tsokar kanta, wanda ba ya wuce daƙiƙa 10 ko makamancin haka idan aka yi aiki da iyakar ƙarfi. Da shi mai gudun mita 100 ya fi dogara. Akwai hanya mai ɗorewa, inda ake ƙona sukari da kitse da iskar oksijin a hankali. Da ita manomi yake wuni yana huɗa, da ita makiyayi yake taka sayyada daga Zango zuwa Baure. Hanyar da ta shafe mu a nan ita ce ta tsakiya. Idan mutum ya matsa wa kansa gudu mai tsanani na minti ɗaya zuwa 'yan mintoci, tsoka tana buƙatar makamashi da sauri fiye da yadda hanyar oksijin za ta iya bayarwa, sai ta shiga farfasa sukari da gaggawa. Wannan farfasawa tana ba da ƙarfi nan take, amma tana barin abu biyu a baya: wani sinadari da ake kira laktet, da kuma ƙwayoyin haidirojin masu caji. Waɗannan ƙwayoyi na haidirojin su ne ainihin tsami. Su ne ke sa tsamiya da lemun tsami su kama harshe.

Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Duk abin da ya yi ƙasa da ita yana da tsami, abin da ya haura ta kuma kishiyar tsami ne. Jinin mutum mai lafiya yana zaune tsakanin 7.35 da 7.45, kuma jiki yana tsaron wannan iyaka tsaro mai tsanani. Cikin tsoka mai hutawa yana wajen 7.1, amma bayan gudu mai tsanani har mutum ya kasa, yakan sauko zuwa 6.6 ko ƙasa kaɗan. Kada mai karatu ya raina wannan rabin lamba. A ma'aunin pH, saukowar lamba ɗaya cur tana nufin tsami ya ninka sau 10, saukowar rabin lamba kuwa ninki uku ne da ɗoriya.

Duk ɗalibin da ya taɓa gudun mita 400 ya san abin da ke faruwa a kwanar ƙarshe. Cinyoyi su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, su riƙa zafi, zuciya tana so amma ƙafa ta ƙi. Tsamin da ya taru yana rage saurin sinadaran da ke farfasa sukari, yana dagula yadda zaren tsoka yake amsa saƙon kalsiyam da ke umartarsa ya tsuke, sa'an nan yana tsokanar jijiyoyin da ke kai rahoton zafi ƙwaƙwalwa. Ba shi kaɗai ne mai laifi ba, domin taruwar fosfet da fitar fotasiyam daga cikin tsoka su ma suna da nasu kason, kuma har yau masana suna muhawara a kan wanda ya fi wani. Amma babu mai musun cewa tsami yana cikin masu hannu a lamarin.

A nan ya kamata malamanmu na motsa jiki su gyara wata tsohuwar magana da ta daɗe a littattafai. Tun zamanin A. V. Hill na Ingila da Otto Meyerhof na Jamus, waɗanda suka sami lambar Nobel ta shekarar 1922 saboda aikinsu a kan tsoka, aka ɗora wa laktet laifin gajiya, har ma da ciwon jikin da ake tashi da shi washegari. Binciken da George Brooks na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta tun daga shekarun 1980 ya nuna cewa laktet abinci ne. Zuciya da ƙwaƙwalwa da sauran tsokoki suna ƙona shi, hanta kuma tana mayar da shi sukari. Cikin awa ɗaya ko makamancin haka bayan an gama gudu ya koma yadda yake. Ciwon jikin washegari daga ƙananan raunuka ne a zaren tsoka, kuma babu kanwar da ke maganinsa.

Jiki da tasa kanwar

Abin sha'awa shi ne, Allah Ya riga Ya zuba baikabonet a cikin jinin kowane mutum, kimanin milimol 24 zuwa 25 a kowace lita. Idan ƙwayar haidirojin ta fito daga tsoka ta shiga jini, baikabonet yana cafke ta, su haɗu su rikiɗe su zama ruwa da iskar kabon-dayoksaid, huhu kuma ya fitar da iskar. Wani ɓangare na hakin da mai gudu yake yi bayan ya tsallake layi ke nan: yana fitar da tsami ta numfashi. Ƙoda ita ma tana nata gyaran, amma aikinta na awoyi ne da kwanaki.

To, tunanin masu bincike mai sauƙi ne. Idan an ƙara wa jini baikabonet kafin a fara gudu, ashe ba zai daɗe yana shanye tsamin ba? Sai dai akwai wani abu da mutane da yawa ba su fahimta ba. Baikabonet ɗin da aka sha ba ya kutsawa cikin tsoka ya kashe tsamin a can, domin fatar da ta lulluɓe ƙwayar tsoka ba ta barinsa ya wuce cikin sauƙi. A cikin jini yake tsayawa. Amfaninsa kamar na wanda ya zurfafa magudanar ruwa ne a ƙofar gida lokacin damina: bai shiga tsakar gida ya kwashe ruwan ba, amma da yake waje ya yi gangare, ruwan ciki yana fita da sauri. Idan jini ya ƙara nisa da tsami, ƙofofin da ke fitar da haidirojin tare da laktet daga tsoka suna aiki da hanzari, sai tsokar ta ɗan ƙara lokaci kafin ta cika. Shi ya sa idan aka auna jinin wanda ya sha bayan gudu, ana samun laktet ɗinsa ya fi na wanda bai sha ba yawa.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Wannan bincike ba sabo ba ne. A shekarar 1931 Dennig da Dill da abokan aikinsu a ɗakin binciken gajiya na Jami'ar Harvard da ke Amurka suka buga sakamakon gwajin da ya nuna cewa ƙara wa jini tsami yana rage ƙarfin aiki, rage masa tsami kuma yana iya ƙara shi. Gwajin da ya fi shahara a wajen masu tsere shi ne wanda Wilkes da Gledhill da Smyth suka buga a 1983 a ƙasar Kanada. Sun ɗauki ƙwararrun masu gudu shida, suka sa su tseren mita 800 sau uku: sau ɗaya ba su sha komai ba, sau ɗaya sun sha wani gari mai kama da maganin amma ba shi ba ne, sau ɗaya kuma sun sha baikabonet na gaskiya, giram 0.3 ga kowane kilo na nauyin jikinsu. Matsakaicin lokacinsu ba tare da shan komai ba minti 2 ne da daƙiƙa 5.8. Da suka sha baikabonet ya sauko zuwa minti 2 da daƙiƙa 2.9. Ratar ta kusa daƙiƙa 3, watau tazarar kimanin mita 19 a fili.

Mai karatu ya lura da dabarar ba su garin bogi. Idan mutum ya yi imani ya sha abin ƙarfi, sau da yawa yakan ƙara ƙoƙari ko da ruwan banza ya sha. Duk gwajin da bai toshe wannan ƙofa ba, ba a dogara da shi. Haka kuma mutum shida ba su isa a yanke hukunci a kansu ba, shi ya sa masana suke tattara gwaje-gwaje masu yawa su auna su tare. Da Carr da Hopkins da Gore suka yi irin wannan tattarawa a 2011, sai ribar ta fito ƙasa da ta Kanada: kimanin kashi 1.7 cikin 100 a aiki mai tsanani na minti ɗaya. A 2018 kwamitin masana da Hukumar Wasannin Olamfik ta Duniya ta tara ya sa baikabonet cikin 'yan tsirarun abubuwan ƙari da ke da hujja mai ƙarfi, tare da kafin, watau sinadarin da ke cikin goro da gahawa. A 2021 kuma wata ƙungiyar duniya ta masana abincin 'yan wasa ta fitar da matsayarta, inda ta ce amfaninsa ya fi tabbata a aiki mai tsanani da ya ɗauki tsakanin daƙiƙa 30 da minti 12: gudu, tseren keke, ninkaya, tuƙin kwalekwale, da wasannin faɗa irin su damben Turawa da judo da kokawa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ba ta haramta shi ga mutane ba.

Kashi 2 cikin 100 mene ne? Ga wanda ya kai ƙololuwa, dukiya ce. A ƙarshen tseren mita 800 na maza a gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024, Emmanuel Wanyonyi na Kenya ya ci zinariya da minti 1 da daƙiƙa 41.19, Marco Arop na Kanada ya biyo shi da 41.20. Kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya raba zinariya da azurfa. Amma ga ɗalibin da ke gudun mita 800 a minti 2 da daƙiƙa 40, wanda bai taɓa yin horo na wata uku a jere ba, daƙiƙa biyu ko uku ba komai ba ne idan aka kwatanta da abin da horo kaɗai zai rage masa. Horon da ake maimaita gajeren gudu mai tsanani ana hutawa a tsakani shi kansa yana ƙara wa tsoka ƙarfin jure tsami, kuma ba ya ɓata ciki.

Juriya iri biyu ce

Kalmar juriya tana ruɗa mutane, domin ta haɗa abubuwa biyu da ba su da tushe ɗaya. Akwai juriyar ɗan dambe a turmi na uku, ko ta ɗan kokawa da ya sarƙe da abokin karawarsa kowa yana nishi, ko ta mai gudun mita 1500 a zagayen ƙarshe. Wannan juriyar tsami ce. Akwai kuma juriyar mai gudun fanfalaki na kilomita 42.195, ko ta wanda ya tuƙa keke daga Daura zuwa Kano. Shi wannan yana tafiya ne a saurin da jikinsa ke iya share tsamin da yake samarwa, don haka jininsa ba ya nisa da inda ya saba. Abin da ke karya shi daban ne. Sukarin da ke ajiye a tsoka da hanta, wanda bai fi rabin kilo ba, yakan yi ƙasa sosai bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu na gudu mai ƙarfi. Ruwa yana tsiyayewa ta gumi, jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugu, zafin jiki ya hau. A ƙasar Daura, inda zafin rana yake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan na ƙarshe shi ne babban abokin gaba. Baikabonet ba ya ƙara sukari, ba ya sanyaya jiki. Kashe tsamin da bai taru ba aikin banza ne.

Akwai ɗan togaciya guda. Dogon tsere ba ya rasa wurare masu tsanani, kamar hawan tudu ko rige-rigen ƙarshe. Masu bincike a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam sun buga a 2021 cewa matuƙa keke da suka sha baikabonet sun fi ƙarfi da kimanin kashi 3 cikin 100 a rige-rigen daƙiƙa 90 da suka yi bayan awa uku suna tuƙi. Ko a nan ma, mai karatu ya duba, ribar a gajeren aiki mai tsanani ta bayyana.

Darasi daga bargar dawaki

Mutanen Daura ba baƙin doki ba ne. Duk wanda ya ga hawan Salla ko na Sallar Gani ya ga irin kulawar da ake yi wa dawakin masarauta, kuma kowane mai kiwon doki ya san ana ba shi kanwa, kamar yadda Fulani suke ba shanunsu. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya buga littafi a 1986 a kan cinikin gishiri da kanwa a wannan yanki, ya nuna cewa dabbobi suna cikin manyan masu cin kanwar da fatake suke kawowa daga ƙasar Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Chadi. Daura tana kan hanyar da ta haɗa Damagaram da Kano, don haka wannan kaya ya daɗe yana ratsa ta. Hikimar ba dabba kanwa a fili take: ciyawa da hatsi ba su da sodiyam da yawa, doki kuma yana zubar da shi sosai ta gumi. Lasa ce kaɗan don cike giɓin abinci.

Masu sukuwar kuɗi a Amurka da Ostareliya sun ɗauki wata hanya daban a shekarun 1980. Sukan dama baikabonet mai yawa, wajen rabin kilo, da sukari da ruwa, su zura wa doki ta tiyo daga hanci zuwa ciki 'yan awoyi kafin sukuwa. Hukumomin sukuwa suka haramta wannan, kuma yanzu ana ɗibar jinin doki a auna. A yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, idan jimillar kabon-dayoksaid ta wuce milimol 36 a lita, an kama mai dokin da laifi. Dalilin haramcin bai tsaya ga maguɗi ba. Doki ba ya iya amai, kuma idan tiyon ya kauce ya shiga hanyar iska, damun a huhu zai sauka.

Amma abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne abin da likitocin dabbobi suka gano game da dokin doguwar tafiya. Dokin da ya yi sukuwar minti biyu, ko ya buga zango ɗaya na wasan folo irin wanda Katsina ta shahara da shi tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, jininsa yana yin tsami kamar na mai gudun mita 800. Dokin da ya wuni yana tafiya cikin rana yana gumi kuwa, akasin haka ke samunsa. Guminsa yana kwashe sinadarin kuloraid mai yawa, ƙoda ta riƙe baikabonet a madadinsa, sai jinin ya zarce zuwa ɓangaren kishiyar tsami. Irin wannan doki idan aka ƙara masa baikabonet an ƙara masa ciwo ne. Yana iya kamuwa da wani irin shaƙuwa inda kwiɓinsa ke bugawa tare da bugun zuciya. Abin da yake buƙata ruwa ne da gishiri na sosai. Dabba ɗaya, gajiya iri biyu, kuma abin da ake zaton zai taimaki ta farko yana cutar da ta biyu.

Farashin da jiki ke biya

Bari mu yi lissafi. Saurayi mai nauyin kilo 60, a kan ma'aunin giram 0.3 ga kowane kilo, zai sha giram 18, watau kusan ƙaramin cokali huɗu. Fiye da kashi 27 cikin 100 na nauyin baikabonet sodiyam ne, don haka ya haɗiyi kusan giram 5 na sodiyam a zama ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 2 a yini guda. Ke nan ya sha na kwana biyu da rabi kafin ya ɗanɗana miyar gidansu. Ga mai hawan jini, ko ciwon ƙoda, ko ciwon zuciya, wannan haɗari ne na gaske, kuma mutane da yawa suna ɗauke da hawan jini ba su sani ba.

Ciki shi ne ke fara ƙorafi. Tumbin mutum yana da nasa tsami mai ƙarfi, kuma da baikabonet ya faɗa cikinsa sai iska ta tashi. Giram ɗaya kan iya ba da iskar da ta kusa sulusin lita idan ya sami isasshen tsami. Daga nan sai kumburin ciki da gyatsa da tashin zuciya. Wanda ya wuce zuwa hanji kuma yana jawo ruwa, sai zawo. A gwaje-gwaje da dama an sami waɗanda wannan wahala ta cinye musu ribar gaba ɗaya, har suka yi gudu ƙasa da yadda suka saba. Likitoci sun rubuta rahoton mutanen da tumbinsu ya fashe bayan sun sha bekin soda a kan ciki cike da abinci. Abu ne da ba a cika gani ba, amma ya faru. Idan kuma aka zarce ƙima, fotasiyam na jini yana sauka, tsoka ta riƙa murɗewa, bugun zuciya ya rikice. Saboda waɗannan matsaloli ne ƙwararru suke sha awa ɗaya zuwa uku kafin gasa, tare da abinci mai sitaci da ruwa, bisa kulawar likitan ƙungiya, bayan sun jarraba sau da yawa a lokacin horo. Kamfanin Maurten na ƙasar Suwidin ya fito da wani samfuri a 2023 inda aka cusa ƙananan ƙwayoyin baikabonet cikin wani abu mai kauri kamar kamu, don su ratsa tumbi su narke a hanji. Har ila yau, kusan duk waɗannan gwaje-gwaje a kan manya aka yi su. Ra'ayina shi ne babu dalilin da zai sa malamin wasanni ya bar ɗalibin sakandare ya sha wannan abu.

Kanwa ba bekin soda ba ce

Turawa sun laƙaba wa kanwa sunan da ke nuna cewa fotasiyam ne a cikinta, alhali kuwa kaɗan ne ƙwarai. Babban sinadarin da ke cikinta shi ne wanda masana duwatsu suke kira tirona, wanda ke taruwa idan ruwan tafki ko fadama mai gishiri ya ƙafe. Tsantsar tirona kashi 37 cikin 100 ne kawai baikabonet. Kashi 47 sodiyam kabonet ne, sauran kuma ruwa ne da ya daskare a cikin dutsen. Shi sodiyam kabonet ya fi ɗan'uwansa kaifi nesa ba kusa ba: ruwan baikabonet yana wajen 8.3 a ma'aunin pH, nasa kuwa yana haura 11. Shi ne ake sa wa a garin wanki da masana'antar gilashi. Ɗan kaɗan a tukunyar wake ko a ƙullin ɗanwake ba ya komai, amma a sha shi da yawa yana ƙona maƙogwaro da ciki. Bugu da ƙari, kanwar kasuwa ba tsantsa ba ce. Tana gauraye da yashi da laka da gishirin miya da sodiyam salfet, wanda shi kansa maganin wankin ciki ne, kuma ungurnu da jar kanwa da farar kanwa kowace da nata haɗin. Wanda ya auna giram 18 na kanwa bai san abin da ya auna ba.

Ƙasar Hausa tana da nata tarihin bincike a kan yawan shan kanwa. A shekarun 1970 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Sun danganta yawan cutar da nauyin sodiyam da ke cikin kunun kanwa, haɗe da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka yi daga baya ya nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin cutar da waɗannan al'adu ba, ya fi karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyam da rashin wadataccen abinci. Duk da haka likitoci ba su canza magana a kan abu ɗaya ba: sodiyam mai yawa yana tara ruwa a jiki, kuma zuciya mai rauni ba ta ɗaukar wannan kaya.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malami ba ya buƙatar kayan waje don nuna wa ɗalibai duk wannan. A jiƙa zoɓo a tace, a jiƙa tsamiya ita ma a tace. Launin zoɓo yana bin tsami: ja ne a cikin abu mai tsami, idan kuma ya gamu da kishiyarsa sai ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. A sami kofunan gilashi, a zuba ruwa daidai wa daida a kowanne, a ɗiga zoɓo kaɗan. A kofi na farko a narka rabin ƙaramin cokali na bekin soda, a na biyu cokali guda. Sa'an nan a riƙa zuba ruwan tsamiya cokali-cokali ana motsawa, ɗalibai suna ƙirga cokali nawa kowane kofi zai sha kafin ja ya dawo. Za su ga kumfa tana tashi, ita ce iskar da ke kumbura ciki, ita ce kuma wadda huhu ke fitarwa. Za su ga kofi na biyu ya sha kusan ninkin na farko. Jinin da aka ƙara wa baikabonet ke nan, sai dai a jikin mutum ƙarin bai fi milimol 5 ko 6 a kan 25 ɗin da ke nan ba.

Daga nan a sayo kanwa iri uku daga hannun masu sayarwa daban-daban, a daka kowace, a auna nauyi ɗaya a ma'aunin ɗakin kimiyya, a narka a kofuna uku. A bari ta kwanta, ɗalibai su fara duba yawan yashin da ya zauna a gindin kowane kofi, sa'an nan su maimaita ƙirgar cokulan tsamiya su rubuta a allo. Kada kowa ya ɗanɗana, kuma a wanke hannu kafin a taɓa ido.